Intanet a Cikin Jirgin Ƙasa: Darasin Jiragen Ƙarƙashin Ƙasa ga Layin Dogon da Zai Ratsa Daura

  

Mas'alar da zan yi magana a kanta ita ce yadda ake isar da intanet, ba tare da an jona waya ba, ga fasinjan da ke zaune a cikin jirgi mai tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Na san lalle akwai wanda zai ce a ransa, ina ruwan mutumin Daura da wannan, alhali kuwa a Nijeriya duka babu jirgin da ke bin rami, domin jirgin cikin gari na Abuja da aka buɗe a 2018, da na Legas da ya fara ɗaukar fasinja a 2023, duk a sarari suke tafiya, wani a doron ƙasa wani a bisa gada, kuma wanda ke son ya ga irin wancan a Afirka sai ya dangana da wurare irin su Alƙahira, inda aka fara shi a 1987, ko babban birnin Aljeriya, inda aka buɗe shi a 2011. Amsata ita ce, ciwon da mutanen waɗancan birane suka daɗe suna magani shi ne ke jiranmu a kan layin dogon da ake shimfiɗawa a bayan gonakinmu, ko da yake zai zo mana da wata kama daban, kuma har yanzu da sauran lokacin da za a yi rigakafi da kuɗi kaɗan.

Layin da nake nufi ba ɓoyayye ba ne ga kowa a ƙasar Daura. Shi ne wanda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa ran 9 ga Fabrairu, 2021, aka danƙa shi ga kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal a kan kuɗi kusan dala biliyan biyu, wanda zai tashi daga Kano ya bi ta Dambatta da Kazaure ya shigo Daura, sa'an nan ya karkata yamma ta Mashi da Katsina da Jibiya, ya tsallaka iyaka ya tsaya a Maraɗi, tsawon kilomita 284, ban da reshen da zai nufi Dutse. Dogo ya iso Kano tun 1911, Nasara suka ja shi zuwa Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930 domin kwasar gyaɗa da auduga, suka bar Daura a gefe, duk da cewa ta nan ayarin fatake ke bi daga Kano zuwa Damagaram tun kafin a san da zamansu. Saboda haka wannan masarauta za ta ji kukan jirginta na farko ne bayan shekara ɗari da 'yan kai da Kano ta ji nata. Jinkirin kuwa, duk da ɗacinsa, ya bar mana fa'ida guda, watau mun ga inda waɗanda suka riga mu suka yi tuntuɓe.

Illar da ke hana sadarwa shiga jirgi

Wayar salula ba ta magana da 'yar'uwarta kai tsaye. Tana aika saƙonta ne a kan igiyar rediyo zuwa ga hasumiyar da ta fi kusa da ita, hasumiya kuma ta miƙa shi, a mafi yawan lokaci ta cikin wayar faiba, wadda zaren gilashi ne siriri da haske ke gudana a cikinsa, har ya isa inda aka nufa. Ita igiyar rediyon nan, musamman wadda ke ɗauke da data mai yawa, ƙasa da dutse da kankare suna shanye ta, ta yadda hasumiyar da ke tsaye a kan titi ba ta iya jin wayar mutumin da ke cikin rami a ƙarƙashinta, ko da tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai jifa ba. Sa'an nan shi kansa tarago akwatin ƙarfe ne, gilashin tagoginsa na zamani kuma akan shafa masa ƙarfe siriri domin kare zafin rana, wanda ya kan tare igiyar rediyo kamar yadda yake tare zafin. Har ta kai hukumar jiragen ƙasa ta Jamus ta koma tana zane tagogin wasu jiragenta da hasken lesa domin sabis ya sami kafar shiga. Ga kuma gudu, domin jirgi yana barin hasumiya ya kama wata a kai a kai, kuma a kowace miƙawa ana iya samun yankewa. Abin da ya fi duka wuya shi ne cunkoso: wayoyi ɗaruruwa su afka wa hasumiya guda a lokaci guda, su wuce cikin 'yan daƙiƙu, su bar ta ba kowa. Alhazanmu da suka hau jirgin da ke zirga-zirga tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa, wanda aka fara a 2010, sun san yadda waya kan nuna sabis cike amma kira ya ƙi fita, ba don komai ba sai don yawan masu nema.

Injiniyoyi sun bi hanya biyu wajen magance wannan a cikin rami. Wasu sukan liƙa wa bangon ramin wata waya mai kauri da aka huda wa ƙananan kafofi da gangan, wadda za mu iya kira waya mai yoyo, domin igiyar rediyo tana tsiyaya daga jikinta tun daga farkon rami har ƙarshensa, wayar fasinja ta kama sabis ɗin kamfaninta kamar yana kan titi. Wasu kuma sukan jera ƙananan na'urori a gefen dogo, su riƙa magana da eriyar da aka ɗora a kan jirgi, jirgin kuma ya rarraba wa fasinjojinsa ta hanyar waifai a cikin kowane tarago. Ko wacce aka bi daga cikin biyun, abin lura guda ne: alamar waifai da fasinja ke gani a fuskar wayarsa ita ce gaɓa ta ƙarshe, kuma mafi arha, a cikin silsila mai tsawo wadda mafi yawanta waya ce a binne da wutar lantarki da masu gyara, silsila kuwa, kamar yadda malaman hadisi suka karantar da mu game da isnadi, idan ta yanke a tsakiya, ingancin mutumin ƙarshe ba ya tsinana mata komai.

Abin da ya sami London da 'yan'uwanta

London ita ce ta fara jirgin ƙarƙashin ƙasa a duniya, a 1863, kuma tun daga 1890 ta shiga haƙa ramuka masu zurfi waɗanda aka yi daidai jikin jirgi, ba a bar wa kome wuri ba sai shi. Da zamanin salula ya zo, sai wannan matsi ya zama alƙaƙai. Ba a sami waifai a can ba sai 2012, gab da wasannin Olamfik, shi ma a tashoshi kaɗai, ta yadda fasinja kan fara aika saƙo a tasha, jirgi ya shiga rami abin ya ɗauke, ya jira tasha ta gaba. Sai a watan Maris na 2020 aka fara samun sabis a cikin rami kansa, a wani yanki na layin Jubilee, sa'an nan a 2021 hukumar sufurin birnin ta ƙulla yarjejeniyar shekara ashirin da kamfanin BAI Communications domin ya game sauran, aikin da ya buƙaci shimfiɗa wayoyi fiye da kilomita 2,000, waɗanda ma'aikata ba su da damar taɓawa sai cikin 'yan sa'o'in dare da jirage ke hutawa. Abin mamaki, ko layin Elizabeth, wanda sabo ne fil, an buɗe shi a 2022 amma fasinjojinsa ba su sami sabis a ramukansa ba sai 2024. A Niyok, ta ƙasar Amurka, an gama sa wa tashoshin ƙarƙashin ƙasa sadarwa a farkon 2017, ramukan da ke tsakaninsu kuwa sai a 2022 aka ƙulla yarjejeniyar yi musu, aka ɗiba wa aikin shekara goma. Mosko ta fi su sauri, domin kafin ƙarshen 2014 kamfanin MaximaTelecom ya sa waifai a cikin jiragen dukan layukanta, kyauta ga fasinja, yana mayar da kuɗinsa ta hanyar tallan da yake nuna masa kafin ya shiga.

Darasin da ke cikin wannan ƙissa shi ne abin da magabata suka taƙaita da cewa tun ran gini ran zane. Mutanen London na ƙarni na goma sha tara suna da uzuri, domin ba su san za a yi wayar salula ba. Mu kam ba mu da wannan uzuri.

Namu ramin shi ne daji

Tsakanin Kazaure da Daura, ko tsakanin Daura da Mashi, babu dutsen da za a huda, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, kuma mai kallo zai ce ai igiyar rediyo ta sami filin sukuwa. Amma tun daga watan Agusta na 2001, lokacin da kamfanonin salula suka fara aiki a Nijeriya, hasumiyoyinsu garuruwa suke bi da manyan titunan mota, inda akwai masu sayen kati da data, domin kowace hasumiya tana cin man janareta ko batir da faranti mai zuƙar hasken rana, tana cin albashin mai gadi, kuma ɗan kasuwa ba ya kafa ta a inda ba za ta fid da kuɗinta ba. Dogo kuwa ba ya bin titi, ya kan ratsa gonaki da makiyaya da bayan ƙauyuka ne, watau daidai wuraren da mutane ke hawa tudu ko tsayawa gindin wata bishiya sananniya domin su kama sabis. Wanda ya saba hawa jirgin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, ya san yadda magana kan yanke masa da zarar an bar gari. To, idan aka sayo taragu aka liƙa musu na'urar waifai aka ce an gama, alhali na'urar tana dogara ne ga waɗancan hasumiyoyi na nesa, abin da fasinja zai samu shi ne alama cike a fuskar waya ba tare da ko saƙo guda ya fita ba.

Akwai masu cewa tauraron ɗan Adam ya raba gardama, tun da yake Starlink ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairu na 2023, kuma jirgin da ke tafiya a sarari, saɓanin na rami, yana ganin sama ko da yaushe. Hujjarsu tana da ƙarfi, ni ma ina ganin ya dace a ɗora wa jirgi farantin kama tauraro ya zama madogara ta biyu. Sai dai ban yarda ya zama shi ne ginshiƙi ba, saboda kuɗin hayarsa waje yake fita wata bayan wata, makunninsa yana hannun wanda dokarmu ba ta isa gare shi sosai ba, kuma, wannan shi ne babban dalilina, amfaninsa yana tafiya tare da jirgin: da zarar ya wuce, ƙauyen da aka yanka wa gonaki domin dogo ya koma cikin shirunsa.

Abin da nake kira gare shi tsohon abu ne ƙwarai. Wayar tangaraho ta lantarki a gefen dogo ta fara aiki a Ingila, a 1839, kuma da ita masu tasha ke sanar da juna tasowar jirgi. Haka Nasara suka yi a nan, sandunan tangaraho suka biyo dogo. Har gobe babu layin dogo na zamani da zai yi aiki ba tare da an shimfiɗa masa wayar sadarwa tsakanin tashoshinsa ba, domin da ita ake sarrafa fitilun ba da hannu da makaratan canja hanya, balle a layi guda tilo inda jirage biyu ke jiran juna su wuce. Tun da yake haka ne, ramin wayar za a haƙa shi ko mun yi magana ko ba mu yi ba. Kuma sananne ne ga masu wannan sana'a cewa mafi yawan kuɗin shimfiɗa faiba haƙa ne ke cinye shi da neman izinin wucewa, wanda a ƙasar nan aka daɗe ana ja-in-ja a kansa tsakanin jihohi da kamfanoni kafin a tsaya a kan naira 145 kowace mita, zaren gilashin kansa kuwa arha gare shi. Filin dogo yana hannun hukuma guda daga Kano har Jibiya. Saboda haka bambancin kuɗi tsakanin binne wayar da za ta ishi jirgi kaɗai da binne wadda za ta ishi jirgi da fasinja da garuruwan da ke gefe, tare da bututu ko biyu da za a bari ba kome domin gaba, bai taka kara ya karya ba matuƙar ramin yana buɗe; in kuwa aka rufe shi, jirage suka fara gudu, sai a koma irin aikin dare na mutanen London.

Indiya ta gwada wannan an gani. A shekarar 2000 ta kafa kamfanin RailTel domin ya riƙe wayar faiba da ke gefen dogonta, wadda yanzu ta haura kilomita 60,000, yana ba kamfanonin sadarwa hayar abin da ya wuce buƙatar jirgi. Daga 2016 kuma aka fara ba da waifai kyauta a tashoshi, da farko tare da Google a tashar tsakiyar Mumbai, har abin ya game tashoshi fiye da 6,000, da yawansu a karkara, inda ɗalibai da 'yan kasuwar garin ke zuwa su amfana ko ba su da niyyar tafiya ko'ina. Mu ma muna da ƙarin dalili na kanmu. Ran 14 ga Maris, 2024, wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Kodebuwa, bankuna da kasuwanci suka tsaya cik har a nan Arewa, saboda kusan dukan intanet ɗinmu ta bakin teku take shigowa. A ɗaya hannun kuma Jamhuriyar Nijar, da taimakon Bankin Raya Afirka, ta ɗauki aikin wayar faiba mai ƙetare Sahara zuwa Aljeriya, wadda reshenta guda ya taso daga Damagaram ta Magarya zuwa iyakar Nijeriya, watau maƙwabtan Baure da Zango. Wayar da ta biyo dogo ta Daura, in aka sada ta da waccan, za ta buɗe wa Arewa ƙofa ta biyu a kan tsohuwar hanyar ayari.

Matsayin al'amarin a ma'aunin maslaha

Malaman usulu, tun daga Imam Gazali har zuwa Shaɗibi, sun kasa maslaha mataki uku: abin da ya zama lalura, wanda in babu shi rai ko dukiya ko addini za su salwanta, da abin da ya zama buƙata, wanda in babu shi za a sha wahala, da abin da yake ƙawa ce da kammalawa. Kuskuren da na ga ana yawan yi, har a bakin masu ilmi, shi ne jefa mas'alarmu duka a mataki na uku, a ce waifai a jirgi ai jin daɗi ne na samari masu kallon bidiyo, ƙasar da ke fama da tsadar hatsi ba ta kai nan ba. Haƙiƙa kallon bidiyo ƙawa ce, ba na musu. Amma mai fataucin dabbobi da ya taso daga kasuwar Mai'aduwa, wanda ke jiran saƙon banki ya tabbatar masa kuɗi sun shiga kafin ya ce a saki kaya, da matar da ke tafe da maras lafiya tana neman wanda zai tarye su a Katsina, da fasinjan da tikitinsa ke cikin waya, kamar yadda aka fara a layin Kaduna tun farkon 2021, waɗannan duka a matakin buƙata suke.

Matakin lalura kuwa mun ga shi da idonmu. Da daren 28 ga Maris, 2022, 'yan bindiga suka fasa dogo a tsakanin Abuja da Kaduna, suka kashe mutum takwas ko fiye, suka sace fiye da sittin, waɗanda na ƙarshensu ba su dawo gida ba sai watan Oktoba, jirgin kuma bai sake tafiya ba sai 5 ga Disamba. Ministan sufuri na wancan lokaci, Rotimi Amaechi, ya faɗa a bainar jama'a cewa ya nemi a sayo na'urorin sa ido a kan layin tun kafin abin ya auku, ba a amince ba. Ba ina cewa waya za ta tare harsashi ba ne. Abin da nake cewa shi ne kyamarar da ke kallon dogo, da rediyon da direba zai kira tasha da shi, da wata hikima da ake da ita yanzu wadda ke mayar da zaren faiba kansa ya zama kunne, ya ji motsin haƙa ko sara a gefen dogo ya nuna daidai wurin, dukansu a kan wayar nan guda suke hawa. Kiyaye rai yana cikin manyan maƙasudan shari'a, abin da wajibi ba ya cika sai da shi kuwa shi ma wajibi ne. Wannan ba baƙon tunani ba ne a ƙasar nan, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da hanyoyi da kasuwanni da ƙarfafa masu sana'a cikin abin da ke wuyan shugaba.

Game da wanda zai biya, ra'ayina shi ne wayar da bututunta su zama mallakar hukumar dogo, kada a sayar da su ga kamfani guda ya kafa wa sauran shinge, a ba kowa haya da farashi ɗaya bayyananne, kuɗin hayar ya riƙe gyara da gadi, domin waya a daji ba ta rasa ɓarawo da mai haƙa bisa kuskure. Hasumiyoyin da za a kafa a wuraren da kasuwa ba za ta kai ba, aikin asusun nan ne da Dokar Sadarwa ta 2003 ta tanada domin isar da sadarwa ga karkara. A tashoshi kuma a bar wani gwargwado kyauta ga kowa, bisa ƙiyasi da abin da fuƙaha'u suka faɗa game da ruwan da ya wuce buƙatar mai rijiya, cewa ba a hana shi matafiyi. Na san ƙiyasi ne mai bambanci, tun da ruwa kyautar Allah ne faiba kuwa da kuɗi aka binne ta, amma da kuɗin baitulmali aka binne ta, talaka kuma yana da rabo a ciki.

Amana da makunni

Duk wanda ya ba ka intanet yana ganin wani abu na sirrinka. Hukumar sufurin London ta bayyana da bakinta cewa tun watan Yuli na 2019 tana tattara alamun wayoyin da ke neman waifai a tashoshinta domin ta san yadda jama'a ke kai da komowa, ko da yake ta ce tana shafe abin da zai nuna mai wayar. A Rasha doka ta wajabta wa mai shiga waifai na jama'a ya tabbatar da ko shi wane ne, galibi da lambar wayarsa. A watan Satumba na 2024 kuma aka yi kutse a shafin shiga waifai na manyan tashoshin jirgi kusan ashirin a Birtaniya, aka liƙa saƙon ƙiyayya ga Musulmi. A wurinmu, inda tun Disamba ta 2020 aka ɗaure kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, lambar waya ta zama sunan mutum da adireshinsa, kuma jerin sunayen waɗanda ke cikin jirgi a wani dare, in ya faɗa hannun da bai dace ba, kowa a nan ya san abin da za a iya yi da shi. Alƙur'ani mai girma ya hana tajassusi a Suratul Hujurati, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ɗora wa mai tattarawa nauyi. Abin da ya rage shi ne a rubuta a cikin yarjejeniya, tun kafin a ba kowa kwangila, abin da za a karɓa daga fasinja, da tsawon lokacin da za a ajiye shi, da wanda ya halatta ya gani.

Haka kuma mai makunni yana iya kashewa. A watan Agusta na 2011 hukumar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta San Faransisko ta katse sabis a wasu tashoshinta domin ta hana wata zanga-zanga, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Mu namu ya fi wannan girma, domin a watan Satumba na 2021 an rufe sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga, har da Jibiya wadda layin nan zai ratsa, ba a buɗe ba sai wajen ƙarshen shekara. Ba wurin yanke hukunci a kan wancan mataki ba ne nan. Sai dai mai tsara layi ya wajaba ya ɗauka cewa irin haka na iya sake faruwa, ya raba sadarwar gudanar da jirgi da kiran gaggawa daga ta fasinja tun daga tushe, domin kada ranar da aka kashe ɗaya jirgi ya shiga daji a makance.

Iyaka

Mutanen Kwangwalam da Zango da Baure ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan fasali, domin sun saba wayarsu ta kwana a Nijeriya ta wayi gari ta kama sabis ɗin Nijar, sun kuma saba riƙe layi biyu, tun da iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarnin da ya wuce ta raba dangi da gonaki amma igiyar rediyo ba ta san da ita ba. Fasinjan da ya wuce Jibiya zai faɗa cikin kuɗin yawo na kamfanoni, wanda ke cinye kati cikin ƙiftawar ido, kuma ficewar Nijar daga ƙungiyar ECOWAS ran 29 ga Janairu, 2025, ta raunana fatan da ake da shi cewa ƙa'idar ƙungiyar ta sauƙaƙa wannan kuɗi za ta yi aiki a tsakaninmu. A nan waifai na cikin jirgi yana da wata fa'ida da sabis ɗin kamfani ba shi da ita, domin jirgin ne zai ɗauki nauyin sauyawa daga wannan ƙasa zuwa waccan, fasinja ya ci gaba da maganarsa bai ma san an tsallaka ba. Amma hakan ba zai yiwu ba sai hukumar sadarwa ta Nijeriya, NCC, da takwararta ARCEP ta Nijar sun zauna sun daidaita a kan zangon rediyon da za a yi amfani da shi da kuma dokar wace ƙasa ke hawa kan bayanan fasinja a kowane ɓangare na tafiya.

Kafin a kai ga zaman hukumomin biyu akwai aikin da ba ya jiran kowa, kuma a garin nan masu yinsa suke. Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina aka aza harsashinta a watan Disamba na 2019, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, suna da ɗaliban da za su iya bin filin dogon daga iyakar Kazaure zuwa Mashi da na'urar awo, kilomita bayan kilomita, su rubuta ƙarfin sabis na kowane kamfani, sau ɗaya da rani lokacin ƙurar hunturu, sau ɗaya da damina bayan gero ya rufe gonaki, su haɗa da sunayen ƙauyuka da makarantu da asibitocin da ke kusa da layin. Taswirar da za ta fito daga wannan awo, in aka buga ta da Hausa aka miƙa wa hakimai da dagatai kwafi, ita ce za ta nuna inda ya kamata a bar wa wayar bakin fita da inda hasumiya za ta tsaya.